Almakashin Da Ya Tafi Hajji

Shisha, Makka
9 ga Rabi'ul Awwal

Zuwa ga ɗana Lurwanu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyalinka. Mu ma nan lafiya lau, in ban da idanu da suka fara yi mini rowa.

Ba ka san ni ba, to bari in gaya maka ko ni wace ce tun kafin ka ɗauka 'yar damfara ce. Sunana Maryama, 'yar Abdulrazak wanda ake kira Ɗan'auta, ƙanin kakanka Malam Awwalu tela na Soron Ɗinki a Kano. Ka ga ke nan ni gwaggonka ce, ko ka so ko ka ƙi. A nan Makka aka haife ni, Kano kuwa a bakin mahaifina kawai na san ta. Wata Hajiya Asabe, maƙwabciyar mahaifiyarka, ta zo Umra ta kawo mini abaya in rage mata tsawo. Muna hira sunan unguwa ya fito, daga nan sunan gida ya fito, sai ga mu muna kuka a kan abayar mutane. Ita ta samo mini adireshinka.

Ga abin da ya sa na neme ka. Lokacin da Baba zai taho Hajji a ƙafa, yana saurayi, ya roƙi yayansa ya ba shi almakashi, kakanka ya hana. Baba ya bari sai da ya tafi kasuwa, ya zare almakashin ya sa a burgame, ya bar saƙo wai nan da shekara biyu zai dawo da shi. Da almakashin nan ya ci abinci a Cadi, da shi ya ci a Sudan, da shi ya biya kuɗin jirgin ruwa, da shi ya yi aure ya raine mu. Shekara biyun nan ba ta cika ba har ya koma ga Allah. Ranar da zai rasu ya ce da ni, "Maryama, kayan Yaya ne. Ki sa shi a hannun jininsa, hannu da hannu. Kada ki ba ɗan aike, ɗan aike ba ya iya neman gafara."

Shekara talatin da ɗaya ke nan yana cikin gwangwanin alewa a ƙarƙashin gadona, ina shafa masa mai duk Muharram. Yanzu likita a mustashfa, wato asibiti, ya ce ina da hawan jinin ido, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Ina so in ga fuskar wanda zan ba shi, ba in lalube shi ba. Saboda haka ka zo. Ban ce ka yi shawara ba, cewa na yi ka zo.

Ɗana Nawaf, direban tasi ne, ya ce in yi maka magana ta waya kamar kowa. Ni kunnena ba ya kama maganar waya, sai dai a gaisa a ajiye. Boko kuma ban iya ba, da ajami na rubuta. Hajiya Asabe ta ce ka yi allo, in ka manta ka nemi malami.

Ta kuma ce wai tela ne kai, amma 'yan ƙwallo kake wa ɗinki. Ban gane ba. Me ɗan ƙwallo yake sawa da har zai ajiye tela?

Gwaggonka,
Maryama


Amurka
10 ga Oktoba

Gwaggo Maryama,

Wa alaikumus salam. Na samu takardarki, na karanta a tsaye a bakin ƙofa, na zauna na sake karantawa. Muna lafiya, maiɗakina da yaranmu biyu suna gaishe ki. Allah ya ƙara wa idanu lafiya. Sunan garin da nake yana bayan ambulan, kada ki wahalar da harshenki da shi. Gari ne a bakin wani ƙaton tafki, kuma sanyi ya riga ya fara gaishe mu.

Gwaggo, na san almakashin nan tun ban san hagu da dama ba. Duk sanda wani almakashi ya tauna wa Malam yadi, sai ya jefar da shi ya ce, "Nagarin ya tafi Hajji ya bar ni." Muna yara mun ɗauka wani almajirinsa yake nufi. Ban taɓa jin ya faɗe shi da fushi ba. In ya faɗa yakan daɗe yana kallon ƙofa.

Game da aikina. Ba irin ƙwallon da Nawaf ya sani ba ce. Wannan kamar gwanda take, kuma da hannu ake rungumarta a ruga da gudu, ƙarti goma sha ɗaya suna neman kayar da mutum. Ƙafa ba ta taɓa ta sai jefi-jefi. Suna sa hular kwano, da wasu kafaɗun roba, sannan a ɗora riga a kai. To rigar nan ita ce abincina. Dole in matse ta a jikin kowa har ta kama shi kamar fata, don in ta yi sako-sako abokin karawa zai damƙe ta ya ja shi ƙasa. Mutum hamsin da uku ne, kowa da irin ƙirarsa, wani wuyansa ya fi cinyata kauri. Bayan kowane wasa a kawo mini su a yage, in ɗinke.

Ni ne kuma mai ɗinka sunaye a baya. Ran Talata ake sallamar wanda za a sallama a ɗauko sabo. Sau da yawa kafin matar mutum ta ji an kore shi ni na ji, don ni ake kawo wa rigar in farke sunan. Wannan ɓangaren aikin har yau ban saba da shi ba. Akwai wani mai bugun ƙwallo da ƙafar hagu, shi aikinsa ke nan, ya cilla ta tsakanin wasu dogayen ƙarafa biyu. Magidanci ne mai 'ya'ya uku. Sau biyu ina farke sunansa, sau biyu ana dawo da shi ina mayarwa. Yanzu in ya wuce ɗakin ɗinki sai ya leƙo ya ce in ƙara zare, ya gaji da yawo.

Zuwa kuwa, zan zo, in Allah ya yarda. Amma ba a ba kowa hutu sai kakar wasa ta ƙare. Wasa goma sha bakwai ne, ɗaya duk mako, na ƙarshe a farkon Janairu, wanda zai zo daidai da farkon Rajab a lissafinku. Mun yi biyar, mun ci biyu, an ci mu uku. Bara ma haka muka yi ta rarrafe. Tunda Allah ya ba ni gwaggo a maƙwabtan Ɗakin Allah, ki riƙa sa mu a addu'a mu yi nasara.

Ɗanki,
Lurwanu


Shisha, Makka
2 ga Jimada Ula

Ɗana Lurwanu,

Bayan gaisuwa, lafiya muke. Ana ɗiga mini magani safe da yamma, yana yaji kamar barkono, Nawaf kuma yana tsaye a kaina kamar askar, wato soja, har sai na ɗiga.

Maganar Malam da kallon ƙofa ta hana ni cin abincin rana. Da Baba ya ji ta da ya huta.

Nawaf ya nuna mini wasan naku a waya. Ya waladi, wannan ba wasa ba ne, dambe ne aka sa masa lamba. Mutane su sunkuya su jera duwawu, a yi ihu, su faɗa wa juna, a busa usur, su tashi su je su yi shawara. Shawarar ta fi gudun yawa. Amma na kawo wayar kusa da idona na duba rigunan, kuma na yarda hannunka hannun gidanmu ne. An ja wani har ya wuntsula, kafaɗar ba ta saki ba.

Addu'a kuwa na ɗauke ta kamar aiki. Duk Juma'a Nawaf yana sauke ni kusa da Harami, in na yi wa iyaye da 'ya'ya sai in ce, "Ya Allah, mutanen Lurwanu, ka ba su nasara." Sunan ƙungiyar ya ƙi zama a bakina, amma Wanda nake roƙo ya san su. Mai Hagun nan naka ma na sa shi, saboda 'ya'yansa.

Kada ka ce don Allah kaɗai nake yi, da lissafina a ciki. Shekara ashirin da shida na yi ina dafa wa alhazai abinci a Mina. Na san yadda musim, lokacin aikin Hajji, yake. In musim ya yi kyau, alhazai suka tafi suna sa albarka, maigida yakan sallami ma'aikata da wuri, har da tukuici. In ya ɓaci kuwa, sai a riƙe ku ana ƙirga tukwane ana neman mai laifi har Safar. To ni so nake maigidanku ya yi farin ciki ya sake ka da wuri. Duk Litinin bayan Asuba sai na tsare Nawaf kafin ya fita, ya duba mini. Makon jiya ya ce, "Fazu ya Ummi, sun ci." Na ba yaran bene alewa, ba su san dalili ba.

Na sa an fara gyara ɗakin baƙi. Kana cin ful da tamis, wake da gurasarmu ta nan, da safe, ko kai ma sai koko?

Gwaggonka,
Maryama


Amurka
26 ga Nuwamba

Gwaggo,

Ina gaisuwa, muna lafiya. Ki gafarce ni da gajeren rubutu, a kan teburin yanka nake yi, riguna tara suna jira.

Gwaggo, me kike gaya wa Ubangiji ne? Wasa biyar a jere muka ci! Yanzu bakwai da huɗu muke. Talata huɗu ke nan ban farke sunan kowa ba. Garin nan ya haukace, mai gidan burodin unguwarmu ya ƙi karɓar kuɗina don ya ga tambarin ƙungiya a jikin rigar sanyina. Ran Lahadi saura daƙiƙa uku a tashi, ana gabanmu da maki biyu, aka kira Mai Hagu. Daga nesa ƙwarai ya buga, dusar ƙanƙara tana zuba, ƙwallon ta bi ta tsakiyar ƙarafan kamar an zare ta da allura, maki uku ke nan. Na gaya masa akwai wata tsohuwa a Makka da take ambatonsa. Ba Musulmi ba ne, amma sai da ya cire hula ya ce in gode miki.

In muka ci gaba a haka za mu shiga zagayen sili-ɗaya-ƙwale, abin da ƙungiyar nan ta daɗe ba ta gani ba. Masu dogon buri har sun fara maganar wasan kofi na Fabrairu. Ki ƙara ƙaimi.

Ful da tamis ban taɓa ci ba, amma ni ba na rena abinci.

Ɗanki,
Lurwanu


Shisha, Makka
10 ga Jimada Ahir

Lurwanu,

Ina fatan kana lafiya. Ni ba zan ce maka lafiya lau ba, don ba haka ba ne. Na koma mustashfa. Idon hagu halas, ya rufe, sai haske da duhu. Na dama yana nan, amma kamar ina leƙe ta bututu, kuma bututun yana ƙara tsukewa. Na tambayi likita wata nawa, ya ce shi ba ya ƙirga wa Allah. Allura kuwa Nawaf ne yake zura mini zare kafin ya fita, ya jera mini guda shida a jikin matashi.

Yanzu ka gaya mini, mene ne wannan Fabrairun? Ni da Rajab muka yi da kai. Na ba Nawaf takardarka na ce ya fassara mini sili-ɗaya-ƙwale. Ya bincika a waya, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Ya Ummi, ai a can wanda ya faɗi shi ne yake tafiya ijaza, ya huta. Wanda ya ci, ƙara masa shugul ake yi, aiki kan aiki. Kullum kika roƙa musu nasara, nesa kike tura Lurwanu."

Wace irin ƙasa ce wannan da ake ba rago hutu a riƙe mai ƙoƙari? Kuma kai ka sani, ka bar ni ina ta hawa tasi duk Juma'a da gwiwar nan tawa, ina roƙon abin da zai hana ni ganinka. Na ji haushinka, kuma na fi jin haushin kaina da na auna ku da mudun Mina.

To ga gaskiya, gara ka ji daga bakina. Tun Juma'ar da ta wuce na daina. Ban roƙa muku faɗuwa ba, ban kai nan ba, ina jin kunyar Ɗakin. Na dai zo daidai wurin da nake cewa "mutanen Lurwanu" na haɗiye, na wuce kan maƙwabta. Ran Litinin Nawaf ya ce an ci ku. Na ce, "Ayya," na shiga kicin, sai na tsinci kaina ina 'yar waƙa a kan tukunyar shayi. Allah ya yafe mini.

Ƙarti hamsin da uku suna da baɗi, suna da baɗin waccan. Ni ido ɗaya gare ni.

Maryama


Amurka
23 ga Disamba

Gwaggo,

Ina gaisuwa da fatan idanu sun yi sauƙi. Kwana biyu ban ga takardarki ba. Lokacin bikin Kirsimeti ne, gidan waya ya cushe da kaya, na san tana hanya. Saboda haka wannan hotonta zan ɗauka in tura wa Nawaf, ki yi haƙuri da saɓa ƙa'ida.

Abubuwa sun juya. Bayan takardata ta baya mun ƙara cin ɗaya, daga nan aka ci mu uku a jere. Takwas da bakwai muke, saura biyu. Talatar da ta wuce sunaye huɗu na farke. Mai Hagu ya ɓarar da biyu a wasa ɗaya, mutanen da suka ɗaga shi sama watan jiya su ne suke masa ihu. Mai burodi ya koma karɓar kuɗinsa.

Abin da ya fi damuna shi ne ana raɗe-raɗin in ba mu shiga zagaye na gaba ba za a kori koci. In sabo ya zo yakan share gida ya kawo mutanensa, har ɗakin kaya da nake ƙarƙashinsa, kuma ni takardar aikina ta shekara-shekara ce. Ban gaya wa maiɗakina ba tukuna. In aka sallame ni a Janairu, ba zan iya barin yara a tsakiyar sanyi ba aiki in hau jirgi ba. Sai na sami wani wurin, sabon wuri kuma ba ya ba da hutu sai an shekara. Wannan ne yake cina, ba ƙwallon ba. Na yi miki alkawari.

Jiya Mai Hagu ya leƙo ɗakin ɗinki ya ce, "Tsohuwar nan taka ta tafi hutu ne?" Na yi dariya na ce masa gwaggona ba ta fashi.

Ɗanki,
Lurwanu


Shisha, Makka
26 ga Jimada Ahir

Ɗana Lurwanu,

Lafiya muke, alhamdu lillahi. Nawaf ya buɗe mini hoton takardarka ya ƙara masa girma, na bi shi kalma kalma. Da na zo kan "gwaggona ba ta fashi" na ajiye wayar na rufe fuska da mayafi. Takardar da take hanya za ta gaya maka dalili. In ta iso ka karanta, ka zage ni a zuci, na ba ka izini.

Na san ba bakina ne yake juya ƙwallo a Amurka ba. Nawaf ya ce wani babban ɗan wasanku ne ya karye a ƙafa, shi ya sa. Na ji. Amma ni na san abin da na haɗiye, na kuma san waƙar da na yi a kicin. Mutum huɗu aka kora, kowa da uwarsa, ni ina murna.

Yau Juma'a na je Harami. Na zauna a inda na saba, na ɗaga hannu, sai na rasa me zan roƙa. In na ce ku ci, an riƙe ka. In na yi shiru, an kore ka, ba ka zo ba gaba ɗaya. Duk dabarata ta mai dafa shinkafar mutum dubu ta ƙare. Wata Ba'indiya da take kusa da ni ta ga ina kuka ta miƙo mini dabino, ta ɗauka mutuwa aka yi mini. Ina zan fara yi mata bayani?

Daga ƙarshe na ce, "Ya Allah, ka ga yaron nan da 'ya'yansa, ka ga Mai Hagu da nasa, ka ga idona, ka ga almakashin mutane. Ni na kasa lissafin. Ka yi yadda ka ga dama, na yarda." Na tashi na ji kamar an sauke mini buhu.

Saboda haka ka saki ranka. Ka riƙe aikinka da hannu biyu. In Fabrairu ce, Fabrairu. In baɗi ce, baɗi. In ka zo ban gan ka ba, ai ina da hannu, kai ma kana da shi. Baba hannu ya ce, ni ce na ƙara ido.

Wannan ma ta gidan waya za ta bi. Abin kunya ba na son ya yi sauri.

Gwaggonka,
Maryama


Amurka
14 ga Janairu

Gwaggo Maryama,

Ina gaisuwa, duk muna lafiya. Jiya mai kawo wasiƙu ya miƙo mini takardunki biyu tare, ta faɗa da ta lallashi. Allah ya taimake ni na fara da ta faɗan. Na yi dariyar mudun Mina har maiɗakina ta fito daga kicin. Da na kai kan idon hagu dariyar ta tsaya. Laifina ne, Gwaggo. Murna ta ɗauke ni, na rubuta miki Fabrairu kamar ba wata ba ne guda a rayuwar mutum. Ki yafe mini. Zagi kuwa ban samu ko ɗaya ba.

Na san Nawaf ya riga ya ba ki sakamako, amma bari ki ji daga wanda ya tsaya a gefen fili da allura a aljihu. Mun ci biyun ƙarshe, muka gama da goma da bakwai, muka shiga da ƙyar ta ƙofar baya. Washegari mai ƙungiya ya ce koci yana nan. Shugaban ɗakin kaya ya kawo mini takardar shekara mai zuwa na sa hannu.

Shekaranjiya Lahadi muka je garin wasu muka yi wasan sili-ɗaya-ƙwale. An yi gumurzu, rigar mutum uku na ɗinke ana cikin wasa. Saura daƙiƙa biyar, ana gabanmu da maki ɗaya, aka kira Mai Hagu. Gwaggo, ba zan ɓoye miki ba, da ya ja baya zai buga ni kaina ban san abin da nake so ba. Ya buga, ta tashi, ta miƙe, ta je ta daki ƙarfen dama, ƙwam, ta dawo cikin fili. Shi ke nan kakarmu ta ƙare.

A ɗakin sauya kaya manyan ƙarti suna kuka. Ni ma na ji zafi, wata shida na rayuwata ne. Amma koci ya tsaya a gaban kowa ya dafa Mai Hagu ya ce ba don ƙafarsa ba da ba mu zo nan ba, kuma sunansa yana nan a rigar baɗi. Kaka ce mai kyau. Mun fara da rarrafe, muka tashi, muka faɗi, muka sake tashi, kuma kowa a ɗakin kaya yana da aikinsa.

Sai mun wanke kaya mun ƙirga mun adana, mako biyu da 'yan kwanaki. Na sayi tikiti. Zan sauka Jidda ranar huɗu ga Sha'aban da hantsi, da harami a jikina. Ki ce wa Nawaf ya nemi wani siriri mai manyan kunnuwa.

Ɗanki,
Lurwanu


Shisha, Makka
20 ga Sha'aban

Ɗana Lurwanu,

Bayan gaisuwa, Nawaf ya ce ka sauka lafiya. Ka gaishe mini da maiɗakinka, ka ce na gode da turaren. Mu muna nan muna shirin azumi, an fara jiƙa sobiya, abin shan buɗa-baki, a unguwa. Idon dama yana nan yadda ka bar shi.

Gidan ya yi mini faɗi. Kwana tara ka yi, amma har yau in na dafa shayi kofi uku nake jerawa. Ful ɗin da ka ce ba ka renawa, na lura rabi kake bari, ban dai yi magana ba ne.

Akwai abin da ban faɗa maka ba kana nan. Safiyar da na ja ka bakin taga na kama fuskarka na yi ta juyawa kamar mai sayen kankana, ka yi ta dariya. Ta bututun nan nawa ba na ganin fuska gaba ɗaya, sai gunduwa-gunduwa. Na ga goshi, na ga hanci, ban san su ba. Da na zo kan kunne sai na ga Baba. Shi ya sa na zauna a ƙasa, ba jiri ba ne kamar yadda na ce.

Da na sa maka almakashin a hannu na ce, "Ɗan'auta yana neman gafarar Yaya," kai kuma ka ce, "Malam ya yafe tun kafin a haife ni, ƙofa kawai yake kallo," to a ranar na yi barcin rana irin wanda rabona da shi tun Baba yana da rai. Kuma na ji ƙarar da ya yi da ka gwada shi a kan ƙyallen abaya. Shekara saba'in da shida, bai tauna ba. Nawaf ya ce a Jidda sai da ya tuna maka ka sa shi a babbar jaka, da tuni askar sun ƙwace, ya ƙare Hajjinsa a kwandon filin jirgi.

Yanzu sai maganar rashin kunyarka. Shekaranjiya na ɗaga murfin keken ɗinki ina neman allura, hannuna ya faɗa kan wani almakashi da ba nawa ba, mai hannun roba, an naɗa masa tef. Nawaf ya karanta mini abin da aka rubuta a tef ɗin, sunanka ne. Kada ka ce mini mantuwa ka yi. Keken nan a rufe yake tun Rajab, kuma da kaina na ga kana zagaya shi ranar da za ka tafi.

To na gane, kuma na karɓa. Amma ka san dokar gidan nan, ba a ba ɗan aike. Wanda ya bar kayansa shi zai zo ya ɗauka.

Nawaf ya ce sai Rabi'ul Awwal za ku koma fili. Na riga na yi shawara da kaina. Zan roƙa muku wasa goma, daidai abin da zai riƙe koci, da Mai Hagu, da kai. Abin da ya haura goma ba da bakina ba, ku nema da ƙarfinku.

Almakashinka yana cikin gwangwanin alewa, a inda na Baba ya zauna, na shafa masa mai. In ka zo na gan ka, alhamdu lillahi. In kuma bututun ya rufe kafin nan, kada ka tsaya gabatar da kanka a bakin ƙofa. Ka miƙo hannun dama kawai, na riga na san kantar da take babban yatsanka.

Gwaggonka,
Maryama